Shekarar da Mota Ta Hau Unguwarmu

Ina da shekara ashirin da biyu na samu ruksar tuƙi, wato lasisi, a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin. Ban yi wata biyu da ita a aljihu ba wani Balarabe mai motocin haya uku ya ɗauke ni aiki. Ƙananan bas ne masu jigila a cikin Makka, waɗanda muke ce wa haɗɗul balda. Tawa ce mafi tsufa a cikin ukun, koriya, ƙofar bayanta ba ta rufuwa sai an ɗaure ta da igiya. Layina daga kusa da Harami ne zuwa kasuwar Utaibiyya, in sauke, in juya, in koma. Yaran yanzu da suka buɗe ido suka ga jirgi yana gudu a kan ginshiƙai tsakanin Mina da Arfa, da tashoshinsa masu matakalar da ke tafiya da kanta, dariya za su yi in na ce musu mu ma mun taɓa gina tasha. Amma mun gina, kuma da hannunmu.

Gidanmu ba a kasuwar yake ba. Yana can sama, a jikin tsauni, inda yawancin Hausawan unguwar suke. Gidaje ne na dutse da kwano da katakon akwati, wannan a kan kafaɗar wancan. Daga inda mota take tsayawa zuwa ƙofarmu hawa ne na kusan kwatan awa, in mutum ba ya ɗauke da kaya. Hanyar tana da faɗi daga ƙasa, jaki da kaya yana wucewa a sake, amma a tsakiyarta akwai wani baƙin dutse da ya fi ɗaki girma, ya tsaya ya bar wa mutane ɗan lungu ta gefensa. A kansa muka yi zamiya muna yara har wandunanmu suka yage. Ba wanda ya taɓa tunanin akwai ranar da za a wayi gari babu shi.

Kakana ne ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa. A nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, don haka takardunmu a cike suke. Baba ya rasu ina da shekara goma sha biyar, ya bar ni da Inna. Wanki da guga take yi wa wasu gidaje a kusa da Harami. Ta sauka da ƙunshin wankakku a ka, ta hawo da ƙunshin masu dauɗa, haka kullum ban da Juma'a.

Wata rana bayan azahar na ɗauko ta a motata. Na sauke ta a kasuwa, na ɗora mata ƙunshinta, na koma kujerata ina jiran masu komawa gari su cika. A madubi nake kallonta. Ta fara hawa a hankali, hannu ɗaya a kan kaya, ɗaya a gwiwa. Ba ta kai baƙin dutsen ba ta sauke ƙunshin, ta zauna a ƙasa cikin wannan rana, ta miƙe ƙafa tana matsa ta. Ba ta san ina ganinta ba. Wani fasinja ya bubbuga jikin mota ya ce, "Yalla ya sawwag, mu je direba, mun cika." Na tayar na tafi, amma har na kai Harami ban san abin da na wuce a hanya ba. Ni ne nake kai iyayen wasu har bakin ƙofofinsu, tawa uwar kuwa tana zaune a kan turɓaya.

Washegari na sami uban gidana a shagon shayin da yake zama. Na ce masa ina so a ƙara wa layina tsawo, mota ta riƙa hawa har unguwarmu. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya waladi, mota na ba ka, ba akuya ba."

Na ce ya zo ya gani da idonsa kafin ya hana. Mutum ne mai son a ce yana da adalci, don haka ya zo. Ya hau yana haki, yana share gumi da gefen rawaninsa, ya zagaya dutsen, ya ɗaga kai ya kalli gidajen da suka hau kan juna har sama. Na san abin da yake gani, mutane ne da yawa waɗanda kullum sai sun sauka gari. Daga ƙarshe ya ce in dutsen nan ya tashi, kuma aka samu filin da mota za ta juya a sama, shi ba shi da matsala. Yana faɗa yana murmushi, irin na wanda ya tabbata ba za a sake tayar masa da maganar ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai maganar ƙofar ƙaramin masallacinmu, inda mazan unguwa suke zama. Matan suna jinmu daga bayan katangar gidan liman. Na yi bayani, wasu suka fara gyaɗa kai. Sai Kawu ya yi gyaran murya.

Ba ƙanin uwata ba ne ko na ubana, maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun ina rarrafe Kawu nake ce masa. Basakkwace ne. Ya zo aikin Hajji da matarsa fiye da shekara ashirin kafin wannan lokaci, ta rasu a nan, shi kuma ya ce ba zai tafi ya bar kabarinta ba. Ba shi da takarda ko ɗaya. Fasa dutse yake yi wa magina, in lokacin Hajji ya zo ya tafi Arfa kafa tantuna da gina murhu wa masu dafa wa alhazai abinci. Duk shekarun nan bai taɓa bin babban titi ba in akwai lungu, kuma bai taɓa shiga motata ba.

Ya ce, "Ɗiyana, na ji batunka. Amma hanyag ga da kaka son yi, motarka kaɗai za ta bi? Ita hanya ba ta tambayar mai hawa. Ran da taka ta hau, ta masu duba takardu ma ta hau. Dutsin ga da kaka gani, shi ad dalilin da munka kwana lafiya shekara da shekaru."

Kusan rabin mazan da ke zaune halinsu ɗaya da nasa. Ni kuwa jinina yana tafasa, sai na mayar masa da Larabci, da sauri, da murya sama, na ce ba za mu zauna a bayan dutse kamar ɓeraye har abada ba. Kafin in rufe baki na ji muryar Inna daga bayan katanga.

"Kai! Da Hausa ya yi maka magana, da Hausa za ka amsa masa. Kuma ka sauke muryarka, ba direba yake magana da shi ba, yaron da ya goya ne."

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma ra'ayinsa yana nan. Liman ya raba gardamar da cewa ba za a tilasta wa kowa ba, ba kuma za a hana kowa ba. Wanda ya ga zai sa hannu ya sa.

Mu goma sha ɗaya muka fara. Muka aro guduma da kurfi, muna fitowa bayan sallar asuba mu yi ta dukan dutsen har lokacin da kowa zai tafi neman abincinsa, mu dawo bayan la'asar mu ci gaba. Kwana takwas muna wannan. Abin da muka ɓantare bai cika kwando biyar ba. Tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe, har sai da na naɗe shi da tsumma kafin in iya riƙe sitiyari. Mutum uku suka janye. Kullum safe da yamma Kawu yana wucewa ta lungun da buhun kayan aikinsa a kafaɗa, ya yi mana sallama, ya ce sannunku da aiki, ya wuce. Amma na lura tafiyarsa tana raguwa in ya zo daidai mu, yana kallon inda gudumarmu take sauka yana ɗaure fuska.

A rana ta tara ya tsaya. Ya ajiye buhun.

"Ku dakata, don Allah ku dakata. Wa ya koya muku hakan ga? Kuna dukan dutsi ga goshi, shi ko yana muku dariya."

Na ce, "Kawu, to ina za mu doka?"

"Ban canza magana ba, ka ji ko? Abin da nic ce yana nan. Amma ba ni iya wucewa kullum ina kallon ana wulaƙanta aiki. Ba ni guduma."

Bai doka ba ma. Ya riƙa zagaya dutsen yana ƙwanƙwasa shi a hankali, yana kara kunne, kamar mai sayen kankana. Ya ɗauki gawayi ya ja layi uku a jikinsa, waɗanda mu ba mu ga komai a wurinsu ba. Ya ce nan ne jijiyoyinsa. Sannan ya ce a nemo masa itace mai yawa da ruwa mai yawa, wuta za a sa masa.

Itace a Makka ba abin wasa ba ne, ruwa kuma sai an sauka bazan, wato famfon unguwa, an ɗauko a garwa. Nan ne mata suka karɓe aikin. Inna ta bi gida gida. Cikin kwana uku aka tara tsofaffin akwatunan katako daga kasuwa, da karyayyun gadaje, da ƙofar wani kango, ni kuma na kawo tayoyi biyu da suka mutu. 'Yan ga-ruwan unguwar, waɗanda yawancinsu suna cikin masu tsoron hanyar, suka ce tunda Kawu ya shiga su ma sun shiga. Kowannensu ya yi alkawarin sawu biyu.

Da sassafe aka jera itacen a kan layin farko aka kunna. Wutar ta ci har rana ta take, Kawu yana tsaye kusa da ita yana nuna inda za a ƙara, gumi yana zuba daga gemunsa. An kori yara can nesa. Da ya ga abin da yake jira, ya sa aka janye garwashin da dogayen ƙarafa, ya jera 'yan ga-ruwa takwas a saman gefen, ya ɗaga hannu.

"In na ce ku zuba, ku zuba gaba ɗaya, ku ja da baya. Bismillahi. Ku zuba!"

Tururi ya tashi fari fat ya rufe mu, har ba na ganin wanda ke kusa da ni. Sai muka ji wata ƙara, tas, kamar an harba bindiga a cikin ɗaki. Wata tsohuwa ta saki salati. Da tururin ya washe, ga tsaga nan daga saman dutsen har ƙasa, a kan layin gawayin nan daidai, ba ta kauce ko da faɗin yatsa ba. Mata suka ɗauki guɗa. Kawu bai ko yi murmushi ba. Ya sa kurfi a tsagar ya ce, "Yanzu ku doka. Nan."

Sau huɗu aka yi wa dutsen wuta cikin mako uku. Da ya zama gunduwa-gunduwa, na ɗauka za mu mirgina su gefe mu huta. Kawu ya ce ba a zubar da dutse mai kyau. Da su ya gina katangar da ta tare gefen hanyar ta wajen gangare, ba siminti, dutse a kan dutse kawai, kowanne ya juya shi sau uku ko huɗu kafin ya yarda da mazauninsa. A sama, gaban masallaci, muka share fili muka cike ramukansa da tsakuwa, mata suna kawowa a kwanon wanki. Da sauran duwatsun Kawu ya yi dakali mai tsawo a jikin katanga, wani kafinta ya kafa rumfar kwano a kansa. A lokacin ba a maganar mutum goma sha ɗaya. Duk wanda ya wuce sai ya ɗauki ko da dutse ɗaya ne.

Ranar da za a gwada, na je na ɗauko uban gidana. Ya zauna a gefena ya riƙe ƙarfen gaba da hannu biyu. Muka wuce kasuwa ban tsaya ba, masu shaguna suka bi mu da kallo. Na sa giya ɗaya. Tsohuwar motar ta yi gurnani, ta girgiza, ta fara hawa. Da muka zo inda dutsen yake a da, na ƙanƙame sitiyari, don ta gefen katangar Kawu tazarar ba ta fi taki ɗaya ba. Uban gidana ya leƙa ta taga ya ga gangaren, ya rufe ido yana karanta abin da ya sawwaƙa. Katangar ko gezau. Muka fito fili, na juya kan motar a hankali, gaba, baya, gaba, na tsaya daidai bakin rumfar na kashe.

Ban taɓa ganin unguwarmu a waje gaba ɗaya kamar ranar ba. Har kan rufin gidaje akwai mutane. Uban gidana ya sauka, ya taka ƙasar da ƙafa, ya je ya dafa katangar ya tura ta da ƙarfinsa. Ya juyo ya tambayi wanda ya gina. Aka nuna Kawu, wanda ya koma can bayan mutane ya tsaya. Ya je har wurinsa ya kama hannunsa da hannu biyu. Sannan ya ce da ni, yadda kowa zai ji, daga gobe duka motocin uku za su riƙa hawowa.

Inna ce ta fara shiga. Ba inda za ta, ta ce kawai in sauka da ita kasuwa in dawo da ita. Ta zauna a kujerar bayana, ta gyara mayafinta, ta kalli matan da ke leƙe ta taga kamar wadda za ta Madina. A hanya ta sunkuyo ta ce mini a kunne, "Da Babanka yana nan." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban juyo ba.

Ba mu muka raɗa wa tashar suna ba. Direbobi ne suka fara kira a bakin Harami, "Utaibiyya, Kan Dutse! Kan Dutse!" har Larabawan cikinsu, da Hausar da ta karye a bakinsu, sunan kuma ya zauna. Inna ta ajiye randa a ƙarƙashin rumfar da moɗa a ɗaure, 'yan ga-ruwa suna cika ta sadaka. Wata Bazazzagiya ta fara suyar ƙosai da safe. Wani mahauci ya kafa tukubar tsire da yamma, kuma ba a jima ba samarin Larabawa suka fara hawowa daga cikin gari don shi, suna ce masa sire, suna ci suna hawaye saboda yaji suna neman ƙari. Tsofaffin da suka shekara ba su ga Ka'aba ba saboda hawa da sauka suka koma yin Juma'a a Harami. Umda, wato mai unguwa, ya zo ya gani, bayan 'yan makonni kuma ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suka kafa ƙarfe da allo a bakin rumfar. Duk sanda na hawo na hango allon nan sai in ji na ƙara tsawo a kan kujerata.

Kusan shekara muka yi a haka. Sai bayan Hajji, alhazai sun watse, wata safiya motar masu duba takardu ta hawo.

Ina cikin gari lokacin. Da na iso da hantsi na tarar da tashar ba kowa, kaskon mai ƙosai a kan wuta mai yana ƙonewa. Inna ce kaɗai a kan dakali.

"Sun tafi da mutum huɗu," ta ce. "Har da Kawunka. Yana zaune nan yana gyara dutsen da ya motsa. Bai gudu ba, ya ce gwiwarsa ta wuce gudu."

Wani ɗan ga-ruwa ya fito daga lungu, ya tsaya a gabana, idonsa jajir. Ƙaninsa yana cikin waɗanda aka tafi da su. Ya ce, "Ga hanyarka nan, direba. Ta kawo baƙi." Gaskiya ya faɗa, kuma an gaya mini tun kafin a ɗaga guduma. Na zauna a matakalar motar na riƙe kai. Inna ta bar ni na ɗan jima, sannan ta ce, "In ka gama, tashi. Zama ba zai fito da su ba. Kai ne mai takarda, kai ne mai Larabci, kai ne mai mota."

Na fara da uban gidana. Na gaya masa abin da ya faru, na ce ana bukatar wanda zai tsaya wa Kawu a matsayin kafili. Ya riƙa juya kofin shayi. Ya ce shi bai taɓa shiga irin wannan ba, kuma ba ya son sunansa a ofis. Na ce, "Ammi," wato baffana, "motocinka uku a kan katangarsa suke wucewa kullum." Ya dube ni har na fara nadamar faɗa. Sai ya tashi ya ɗauki rawaninsa ya ce, "Ɗayyib. Mu je wurin umda."

Umda ya sa aka rubuta takardar koke, aka ambaci kowane ɗaya daga cikin huɗun da sana'arsa in yana da ita, da daɗewarsa a unguwa. Da yamma na shimfiɗa ta a kan dakalin tasha, masu takarda suka yi layi suna dangwala yatsa. Mahaucin ya ce zai tsaya wa ɗaya, kafintan ya ce zai tsaya wa ɗaya.

Washegari na tsayar da motar a bakin rumfa, ba don haya ba. Liman ya shiga, umda da uban gidana suka zauna a gaba, tsofaffin unguwa suka cika sauran kujerun. Inna da mata huɗu suka ce ba za a bar su ba, suka zauna a baya. A ofishin aka ce mutum uku kaɗai za su shiga, sauran suka zauna a inuwar katanga. Na shiga tare da umda da uban gidana.

Jami'in da muka tarar ba tsoho ba ne. Ya karanta takardar har ƙasa, ya ƙirga yatsun da ido, ya ce doka doka ce, mutum ba ya zama shekara ashirin ba takarda. Umda ya ce haka ne, shi ya sa muka zo a gyara. Jami'in ya tambayi aikin da dattijon cikinsu yake yi. Kafin kowa ya amsa na ji bakina ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, kai ne ka hau unguwarmu jiya?"

Ya ce shi ne.

"To hanyar da motarka ta bi, shi ya fasa ta. Katangar da ta riƙe ku ba ku gangara ba, shi ya gina ta, ba siminti. Kuma tun kafin ya fara ya gaya mana cewa in an yi hanyar za ku zo. Ya sani, ya yi."

Umda ya taka mini ƙafa. Jami'in ya ajiye alƙalaminsa ya jingina. Ya ce ya lura da katangar, har ya tambayi direbansa ko aikin baladiyya ne. Sannan ya ce duk wanda yake da sana'a da kafili tsayayye za a duba lamarinsa, amma ba yau ba, kuma bai yi alkawarin kowa ba.

Kwana tara aka yi. Kullum sai na biya inda ake tsare da su bayan na sauke fasinjan azahar, da kwanon abincin da Inna ta dafa. Aka saki uku. Na huɗun, ƙanin ɗan ga-ruwan nan, a Hajjin shekarar ya zo, ba shi da sana'ar da za a rubuta, kuma ba a karɓi kokenmu a kansa ba. Aka kai shi Jidda ya hau jirgin ruwa. Matan unguwa suka haɗa masa guzuri, ni na kai yayansa ya yi masa sallama. Yayan nan bai sake shiga motata ba sai bayan shekara biyu, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba.

Kawu da ƙafa ya dawo, ta lungunan da ya saba, bai jira na ɗauko shi ba. Na same shi a ƙofar ɗakinsa yana jiƙa ƙafa a kwano. Na durƙusa na ce ya yafe mini.

"Na gaya maka ko ban gaya maka ba?"

"Ka gaya mini, Kawu."

"To, madalla, ka riƙe. In tsoho ya yi magana a saurara." Ya motsa yatsun ƙafarsa a ruwa. "Shi jami'in ga, da gaske ya ce ya ɗauka aikin baladiyya ne?"

Na ce da kunnena na ji. Ya kawar da kai gefe, amma na ga gemunsa yana rawa.

Sai da aka yi wata huɗu ana kai da kawowa, da hoto, da sa hannun uban gidana a wurare da yawa, kafin iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta fito. Ni na karɓo na kai masa. Ya juya ta gaba da baya, ya daɗe yana kallon hotonsa, ya ce sun sa shi ya yi kama da mai laifi. Inna ta ɗinka mata 'yar jaka da igiya ya rataya a wuya, a ƙarƙashin riga.

Ranar Juma'ar da ta biyo, ina tsaye a tasha mota ta kusa cika, sai ga shi cikin farar riga wankakkiya da hular da ban taɓa gani ba. Mutane suka dare. Wani saurayi ya tashi daga kujerar gaba ba tare da an ce masa ba. Kawu ya hau a hankali, ya zauna, ya dafa gwiwoyinsa. Da muka zo gangaren ya leƙa ta taga yana bin katangarsa da ido, dutse bayan dutse, ya ce akwai guda ɗaya can ƙasa da bai gamsu da zamansa ba, gobe zai duba. Muka shiga babban titi. Ya yi ta kallon shaguna da dogayen gine-ginen da shekara ashirin yana jin labarinsu daga bayan gida, yana tambayata wannan fa, wancan fa.

A bakin Harami na tsaya kowa ya sauka. Akwai wani askari, wato ɗan sanda, a tsaye yana ba motoci hannu, bai ko kalli wajenmu ba. Kawu ya nufe shi kai tsaye. Na yi saurin sauka na bi shi, ina cewa Kawu ina za ka. Ya yi wa askarin sallama, ya zaro jakar daga wuyansa, ya buɗe, ya miƙa masa iƙamar da hannu biyu.

Askarin ya ce, "Ya hajj, ban tambaye ka ba."

Na fassara masa. Kawu ya ce, "Gaya mishi na sani. Shi duba dai."

Askarin ya dube ni, ya dubi tsohon, ya karɓa. Ya karanta, ya kalli hoton, ya kalli fuskar, ya mayar masa ya ce komai daidai. Kawu ya mayar da ita jaka a natse, ya tura cikin riga, ya gyara hularsa. Sannan ya ce mini in je in ajiye motar in zo, yau tare za mu shiga ta babbar ƙofa.